Turaku Biyu a Bakin Layinmu

Litinin, 5 ga Mayu

Sabon littafi. Na sayo shi a hanyar dawowa daga makaranta, tunda tsofaffin sun tafi tare da sauran. Takardar ba ta da kauri, biro na neman huda ta. Haka zan yi haƙuri da ita.

Yau kwana goma sha biyu da gobarar. Bari in rubuta yadda aka yi tun kafin mutanen layin nan su gama gyara labarin, don na ji sun fara.

Wutar ta tashi a silin ɗin ɗakin littattafaina wajen sha ɗaya na safe, ina aji. Wayoyi ne suka haɗu, in ji mai gyaran wuta. Maman Biyu, telar da ke da shagon katako a bakin layi, ita ta hango hayaƙin, ita ta kira 'yan kwana-kwana, sannan ta kira ni. Motarsu ta iso cikin minti goma sha huɗu. Na duba lokacin kiran a wayarta daga baya, don haka kada wani ya gaya mini sun yi latti. Sun iso suka tsaya cak, kamar baƙon da aka rufe wa ƙofa, saboda turakun ƙarfe biyu da ke kafe cikin siminti a bakin layin, da shagon da ke jingine da na hagu. Ƙaramar mota na wucewa tsakaninsu, babba kuwa sai dai ta leƙa. Gidana ne na ƙarshe, layin kuma ba ya ɓullewa.

Suka ja mesa, ba ta kai ba. Suka haɗa ta biyu. Ruwa ya fara zuwa ke nan Ciyaman ɗin layi ya tuna yana da mota, kuma wuta na iya lasar ta daga nisan gida bakwai. Ya fito da ita a guje ya bi ta kan mahaɗar mesar. Ruwan da ya kamata ya sauka a kan littattafan Baba ya wanke wa mutane ƙofar gida.

Ɗaki ɗaya ta ci, suka tare ta kafin ta tsallaka. Kowa cewa yake an auna arziki. Mutum na gaba da zai ce mini an auna arziki, ban san abin da zan yi masa ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Ƙauri. A labule, a matashi, a cikin sukari. Na wanke gashina sau uku.

Na miƙa hannu zan ɗauko ƙamus don duba wata kalma, sai da na kai ƙofar ɗakin na tuna.

Asabar, 10 ga Mayu

Na rubuta wa ofishin kashe gobara wasiƙa. Shafi uku, ba gogewa ko ɗaya. Na sa turakun, na sa shagon, na sa motocin da ake jerawa a bakin layi tun daga yamma, na sa Ciyaman da motarsa ba tare da na ambaci sunansa ba, amma ko jariri zai gane shi. Na sa masu kallo da suka cika layin suna ɗaukar hoto da waya har sai da ma'aikatan suka riƙa ture su da kafaɗa, da matasan da suka yi ta zaginsu wai sun zo da rabin tanki. Na ce waɗanda suka kafa ƙarafan nan su ne suka ƙona mini ɗaki, wutar ma'aikaciyarsu ce kawai. Wannan jimlar ta yi mini daɗi, har na maimaita ta da ƙarfi, a tsakar gida, ni kaɗai.

Na kai da kaina. A kan hanya na bi ta gaban Maman Biyu, ta ɗago daga keken ɗinki ta ce, Yaya, ina zuwa da rana haka? Na ce aike. Ta ce in dawo da wuri ta ajiye mini labari. Shekara shida ke nan kullum da yamma nakan zauna a bencinta ta ba ni labarin kowa a unguwa, ni kuma in gyara mata inda ta ƙara gishiri.

Ban ce mata shagonta na cikin ambulan ɗin da ke jakata ba. Layi biyu ne kawai a shafi na biyu.

Talata, 13 ga Mayu

Yau na yi faɗa da direban tasi. Muna cikin cunkoso sai ga jiniyar motar asibiti daga baya. Rabin motocin suka ƙi motsawa, kowa na jiran na gabansa, kamar ɗalibai idan na tambayi wanda ya fasa taga. Namu ya ɗan raɓe, har na fara sa masa albarka a raina. Motar na wucewa sai ya faɗa bayanta, hancinsa a gindinta, yana murmushi wai an buɗe mana hanya. Wasu biyar suka biyo mu.

Na tambaye shi idan ta taka burki fa, a cikin cikinta zai ajiye mu? Idan kuma wata na biye da ita, ta ina za ta bi? Ya ce ai kowa haka yake yi. Na ce da uwarsa ce kwance a ciki da bai so a mayar da numfashinta hanyar kasuwa ba. Fasinjoji suka juyo suna kallona. Wata mata ta ce, haba baiwar Allah, ai ba a sa uwa. Na sauka kafin wurin saukata, na ƙarasa da ƙafa.

Ina da gaskiya. Ƙafafuna sun kumbura.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ban taɓa tsammanin ofis zai amsa wasiƙa cikin kwana biyar ba. Na dawo daga makaranta na tarar da wani jami'insu, dogo, mai furfura a gefen kai, ya durƙusa a bakin layi da tef ɗin awo. Ya auna tsakanin turakun, ya auna daga bango zuwa bango, ya rubuta. Bai ɗaga murya ba, bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya manna takarda a jikin turke ɗaya, ya manna wata a jikin shagon. Kwana talatin: a cire ƙarafan, a ɗauke duk abin da ya rage faɗin bakin layin, a daina ajiye mota a wurin. Wa'adin zai cika sha huɗu ga watan gobe.

Na tsaya na ce masa shagon ai a gefe yake. Ya nuna mini da tef. Ko an cire turakun, motarsu ba za ta iya karya kwana ta shigo ba muddin shagon na nan, kusurwarsa za ta kama bayan motar. Ya ce, Mama, ke ce kika rubuto, ko? Ya ce wasiƙar ta zaga ofishinsu, ba su taɓa samun mai tsari irinta ba.

Ya faɗi haka a gaban mai shagon kayan masarufi, da mai wankin mota, da Maman Biyu.

Ta sunkuya ta ci gaba da zura zare, sau uku tana kuskure ramin allurar, ita da take zura shi tana kallon titi.

Lahadi, 18 ga Mayu

Daga ƙofata zuwa bakin layi gida goma sha ɗaya ne a kowane gefe. Yau na gaisar da mutum tara, uku suka amsa, ɗayansu kurma ne da ke amsa wa kowa.

Na ji sunan da suke kirana da shi a bayan idona: Jan Biro. Ban ƙi shi ba. Da sun kawo mini shi da na ba su maki.

'Yata ta kira. Ta ce, Umma, me ya kai ki, ba ga shi wutar ta riga ta wuce ba? Ta ce in rufe gidan in je wurinsu in huta wata biyu. Na ce mata gida ashirin da biyu na bayan ƙarafan nan, cikinsu akwai tsohuwar da ba ta tashi sai an ɗaga ta. Ta ce to ai ba ni kaɗai ce mai ido a layin ba. Na ce da alama ni kaɗai ce. Sai ta ce jaririn ya farka.

Laraba, 21 ga Mayu

Na bi ta ɗaya gefen titi don kada in wuce ta gaban bencin. Ni. Da shekaruna.

Asabar, 24 ga Mayu

Taron layi, da hantsi, a ƙarƙashin rumfar Ciyaman. An jera kujerun roba, ba wanda ya zauna a biyun da ke kusa da ni.

Jami'in nan ya zo. Ya yi magana ta minti goma, kuma da ɗalibina ne da na rungume shi. Ya ce idan wuta ta tashi a fara kiransu kafin a fara neman bokiti, don mutane kan ɓata rabin sa'a suna fama su kaɗai sannan su ce an yi latti. Kada a watsa ruwa a wutar lantarki ko ta mai. Duk ɗakin kwana a bar taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa daga ciki. Idan an ji jiniya a raɓe a tsaya, kada a bi bayanta, kada a taru a inda ta tsaya. Mesa kuwa ba a taka ta da mota, komai gaggawa. Da ya faɗi wannan bai kalli kowa ba, amma duk rumfar ta kalli mutum ɗaya, ni kuma na kalle shi fiye da kowa.

Watakila kallon ne ya jawo.

Ciyaman ya miƙe ya gode wa baƙo, ya ce kafin a tashi yana so a san tarihin ƙarafan, don kada a ɗauka jahilai ne suka kafa su. Ya buɗe wani tsohon fayil ya zaro takarda. Tun daga nesa na gane ta. Babu mai ja wa layi ƙarƙashin kwanan wata da rula a unguwar nan sai mutum ɗaya.

Ya karanta ta daga farko har ƙarshe. Yadda manyan motocin kaya ke shigowa su juya a layinmu, su fasa kwalbati, su hana mutane sakat. Yadda ya zama wajibi a kafa turaku biyu masu ƙarfi, cikin siminti, yadda ba mai iya cire su. Yadda ba mai iya cire su. Sau biyu ya karanta wurin. Yana tuntuɓe a kan dogayen kalmomi, har bakina ya buɗe zan gyara masa, kafin na tuna a ina nake.

Ya ce, Malama, ko ba sa hannunki ba ne wannan?

Na ce nawa ne.

Wani ya yi dariya a baya. Mai wankin mota ya ce ashe Jan Biro ce ta ba da aikin kuma ita ta kayar da mu. Aka kwashe da dariya, har matan. Jami'in ya naɗe tef ɗinsa ya ce wa'adin na nan yadda yake.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ban taɓa mantawa da tsohuwar wasiƙar nan ba. Bari in faɗa a nan tunda ba mai gani. Tun ranar da na tarar da jar motar tsaye a bakin layi, ma'aikatan na dukan turken da ƙafa, na san rubutun wa suke duka. Na koma shafukan baya yanzu, na ga inda na ce waɗanda suka kafa. Na lissafa kowa ban da mai biron.

Kuma ba kwalbati ce ta dame ni ba a lokacin. Ƙarar ce. Suna hana ni karatu da yamma. Kwalbatin na sa ta ne don na san ita za ta motsa maza.

Akwai na biyu, wanda Ciyaman bai sani ba, da ya karanta shi ma. Bayan an kafa turakun ne mijin Maman Biyu ya rasu, ya bar ta da tagwaye da keken ɗinki a ɗaki ɗaya. Ni na kama hannunta na kai ta bakin layin na ce ga wuri, yanzu babbar mota ba ta shigowa, kafa a nan inda masu wucewa za su gan ki. Ni na tsaya a kan kafinta har ya gama. Ita ba ta faɗi wannan a taron ba, alhali tana zaune a layi na biyu. Da ta faɗa da na fi samun sauƙi.

Ban ci komai ba yau sai shayi.

Laraba, 28 ga Mayu

Na nemi izini bayan darasi na uku na tafi ofishin kashe gobara in janye wasiƙata. Na tarar da su suna shanya mesa a tsakar gida, dogaye kamar hanjin wani abu. Jami'in ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama, abin da ba a saba yi mini ba.

Ya ce wasiƙar tawa ce, zan iya karɓar abata in ina so, amma awon nasa ne, kuma tef ba ya janyewa. Ya ce a aikinsa ya taɓa tsayawa a bakin wani lungu yana jin muryar mutane a ciki, tazarar da ta hana shi shiga ba ta kai tsawon hannunsa ba. Bai ƙarasa labarin ba, ni ma ban tambaya ba.

Na ce to matar fa, ina za ta? Ya ce wannan ba a koya musu ba.

Na fito ina jin haushinsa, kuma na rasa inda zan kama shi. Babu abin da ya fi wannan ciwo.

Asabar, 31 ga Mayu

Ta zo. Rabon Maman Biyu da tsakar gidan nan tun ranar gobarar, da ta taya ni kwashe toka har bayan la'asar.

Ba ta zauna ba. Takarda ce a hannunta, Ciyaman ya ba ta ta kawo, don ya san in shi ne ko ƙofa ba zai wuce ba. Za su ɗaukaka ƙara. Takardar na cewa ba turaku ko shago ne suka jawo asarar ba, 'yan kwana-kwana ne suka yi sa'a guda ba su zo ba, kuma suka zo ba isasshen ruwa. Gida ashirin da ɗaya sun sa hannu. Saura mai ɗakin da ya ƙone, wanda in babu hannunta sauran ba su da amfani.

Na karanta sau biyu. Ko kuskuren rubutun ban kula ba.

Na ce, ke kika kira su. A wayarki na ga lokacin.

Ta ce, na sani, Malama.

Malama. Shekara shida ina Yaya.

Na ce ba zan iya sa hannu a kan sa'a guda ba alhali minti goma sha huɗu ne. Na ce mutanen nan sun shiga hayaƙi saboda takarduna, ɗaya har ya ƙone a wuya. Na fara jero mata dalilai, ɗaya, biyu, uku, kamar ina gaban allo, ina jin muryata ina ƙin ta.

Ta bari na gama. Sannan ta ce, ni ban yi karatu ba, amma na san abu ɗaya. Duk lokacin da kika ɗauki biro, wani ne ke kwashe kayansa. Kin rubuta, direbobi sun tashi. Kin rubuta, ni zan tashi. Ke kullum kina nan a ƙarshen layi da gaskiyarki.

Ta miƙo hannu na ba ta takardar, ba sa hannu. A bakin ƙofa ta juyo ta ce labulen da na ba ta tun kafin gobara ya yi sati uku da gamawa, in aika a karɓa kafin a rushe.

Ban da wanda zan aika. Ta san haka.

Litinin, 2 ga Yuni

Na ba 'yan aji uku aikin rubuta wasiƙar koke. Ina cikin bayanin yadda ake jan hankalin mai karatu sai na ji ba zan iya ba. Na ce su buɗe shafi na arba'in su yi karatu a zuci.

Alhamis, 5 ga Yuni

Sun kai takardarsu ba hannuna, an dawo musu da ita a ranar. Yanzu har kurman ya daina amsawa, ina jin an yi masa bayani da hannu.

Magini ya gama ɗakin. Sabon silin, sabbin wayoyi cikin bututu, farin fenti. Kafinta ya zo da yamma ya tambaye ni kanta nawa zai kafa, kamar na da, bango huɗu har sama? Na tsaya a tsakiyar ɗakin ina lissafin abin da zan ɗora. Littattafai tara ne suka tsira, waɗanda ke gefen gadona. Na Baba, masu rubutunsa a gefen shafi da ƙaramin hannunsa, ba kasuwar da ake sayar da su.

Na ce ya dakata tukuna. Ya ce ɗakin na da haske, ga ƙofarsa ta waje tana kallon layi, da nasa ne da shago zai yi. Na ce ba a tambaye shi ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Na rubuta wa Maman Biyu wasiƙa. Shafi ɗaya da rabi, ta yi kyau ƙwarai. Na yaga.

Litinin, 9 ga Yuni

Na je da ƙafata, da bakina, ba takarda. Ta riga ta fara kwance shagon, an cire kantocin zare, hotunan ɗinkin da ke bango sun bar tabo murabba'i. Akwai mata biyu a benci, ban jira su tashi ba, don na san in na jira zan fasa.

Na ce ɗakin nan babu kowa a ciki, yana da ƙofar waje da soket biyu, ta kawo keken.

Na shirya wa godiya, na shirya wa zagi. Ban shirya wa dariya ba. Ta ce ƙarshen layi? Wa zai taka gida goma sha ɗaya ya kawo ɗinki, alhali ga teloli uku a bakin titi? Ta ce ni matsalata ke nan, ina zaton in na ba da amsa an gama jarrabawa. Matan benci suka sunkuyar da kai suna murmushi.

Na ce ban ce zai yi daidai da nan ba. Na ce ni na kawo ta wurin nan, ni na tashe ta, kuma ban da abin da zan ba ta sai ɗakin. Ban taɓa faɗin magana mai gajarta haka ba a rayuwata.

Ta ɗauko labulena a leda ta ɗora mini a hannu. Ta ce ƙanin mijinta na nema mata wuri a kasuwa.

Na dawo. Labulen ya yi daidai da tagar, ko ɗigo bai wuce ba.

Asabar, 14 ga Yuni

An yanke su. Mai walda ya zo da safe, minti ashirin kowane turke, sannan aka fasa simintin da guduma aka cike ramin. Ni da na rubuta yadda ba mai iya cire su. Shagon tun jiya aka kwance shi, katakon na jingine a bangon wani gida, sai tabon inda ya zauna da guntayen ƙyalle a ƙasa.

Wajen sha biyu jar motar ta zo gwaji, ba jiniya. Ta karya kwanar a hankali, jami'in na tafe da baya a gabanta yana yi wa direba alama da hannu. Ta shigo. Ta wuce gida ɗaya, biyu, biyar, mutane na tsaye a ƙofofinsu suna kallo. Ciyaman ya riga ya kai motarsa can nesa tun da sassafe. Ta zo ta tsaya daidai ƙofata, ƙatuwa, tana huci, kwana hamsin da biyu bayan ranar da na buƙace ta.

Na ɗauka zan ji daɗi. Na shirya fuskar ma. Sai na ga ina kallon tagar ɗakin, ina auna tazarar da ido: taku shida daga bakin motar. Taku shida. Na shiga ciki kafin wani ya ga abin da fuskata ke yi.

Da na fito sun tafi. 'Yar tsohuwar nan da ba ta tashi ta tsaya a ƙofarsu, ta ɗan ɗaga mini hannu. Ko kuwa ƙuda take kora, ban tabbatar ba.

Lahadi, 15 ga Yuni

Wurin kasuwar bai samu ba, an ba wani. A bakin mai shagon kayan masarufi na ji, yana gaya wa wata, da ƙarfi, don in ji.

Ban je ba. Na riga na faɗa sau ɗaya.

Laraba, 18 ga Yuni

Shekaranjiya da safe, ina shirin fita, aka turo keken a baro. Maman Biyu ta ce ajiya ce, ɗakinta ba wuri, tagwayen na tuntuɓe da shi, kafin ta samu shago. Na ce to. Na ba ta makullin ƙofar waje, da na ƙofar tsakar gida saboda bayi da famfo. Na ce sharaɗi uku: ba a barin dutsen guga a jone ko an ɗauke wuta, ba a tara ƙyalle kusa da soket, bokitin yashin nan kuma ba kujera ba ne. Ta ce ajiya ma sai da doka? Na ce har da jarrabawa.

Jiya na ga zare a ƙasa. Wai wata riga ce ta amarya da ta karɓa tun kafin a tashe ta, dole ta ƙarasa. Yau na ga mata biyu sun fito daga layin da leda, suna ƙorafin nisa. Sun dai taka.

Ba mu shirya ba, kada littafin nan ya ɗauka mun shirya. Ba ta ba ni labarin kowa ba, ni ma ban tambaya ba. Ta jera zarenta a kan tagar ba tsari, ja kusa da kore, na gani na yi shiru, wanda ya isa a rubuta shi a tarihi.

Abu ɗaya dai. Da na dawo daga makaranta na tura ƙofar tsakar gida, sai na ji bakina ya yi sallama. Shekara tara ina shiga gidan nan ba na cewa komai, wa zan ce wa. Daga ɗakin aka amsa, da allura a baki, ba a ko daina taka keken ba.

Na tsaya a zaure na ɗan jima ina neman wani abu a jaka. Ba abin da nake nema.

Gobe in tuna in duba ko ta cire dutsen gugar.